Kaburburan Urushalima da Abin da Kirista Yake Jira

Duk wanda ya duba tsarin ziyarar da ake shirya wa Kiristocin Najeriya a Ƙasa Mai Tsarki, ko ta hannun hukumar ziyarar Kiristoci da gwamnatin tarayya ta kafa da dokar 2007, ko ta hannun kamfanonin tafiye-tafiye, zai ga cewa kwanakin Galili da Baitalami na tafki ne da tsaunuka da labarin haihuwa, amma da mota ta hau tudun Urushalima sai ziyarar ta koma ta kaburbura. Kabarin Li'azaru, makabartun Dutsen Zaitun, Kabarin Lambu, sannan Cocin Kabari Mai Tsarki, inda tafiyar take ƙarewa da dogon layin shiga wani ɗan ɗaki da ba kowa kwance a ciki. A ganina wannan hanya ta fi yawancin wa'azin sujadar jana'iza bayyana begen Kirista yadda yake. A bakin kabari abin da aka fi ji shi ne mamaci ya huta, ya tafi gida, ya rabu da wahalar duniya. Abin da Sabon Alkawari da tsofaffin ikilisiyoyi suka kafe a kai ya fi wannan nauyi, ya kuma fi shi wuyar gaskatawa: cewa jikin da ake binnewa shi ne za a tayar, cewa hakan ya riga ya faru da mutum guda a wurin da za a iya nunawa da yatsa, kuma ƙasar da ake takawa ita ma tana cikin alkawarin.

Betanya, inda kabarin Li'azaru yake, ita ce ta kamata a fara da ita. Larabawa suna kiranta Al-Azariyya, tana bayan Dutsen Zaitun, kimanin kilomita 3 daga tsohon birni. A da tafiyar ƙafa ce, amma tun da Isra'ila ta gina katangar da ta raba garin da Urushalima a farkon shekarun 2000, sai mota ta yi dogon zagaye. Kabarin yana bakin wani lungu, tsakanin masallaci da majami'u. Ana sauka ta matakalar dutse ashirin da 'yan kai, masu santsi, zuwa wani ɗaki, sannan a sunkuya a kutsa cikin na biyu, wanda ya fi ƙunci. Labarin da Bisharar Yahaya ta bayar a sura ta 11 yana da abubuwa biyu da mai ziyara ya kamata ya riƙe. Da Yesu ya ce wa Marta ɗan'uwanta Li'azaru zai tashi, ba ta yi mamaki ba, ta amsa cewa ta san zai tashi a ranar ƙarshe, wato imani ne da ta gada tun kafin ta san shi. Shi kuma Yesu, da ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, ya tsaya ya yi kuka. Wanda ya ɗauki mutuwa a matsayin kuɓuta daga kurkukun jiki ba shi da dalilin hawaye a wurin nan. Li'azaru kuwa ya fito, amma ya sake mutuwa. Al'adar Kiristocin Gabas ta ce ya ƙare rayuwarsa yana bishop a tsibirin Kubrus, kuma har yau a birnin Larnaka akwai majami'ar da aka gina a kan abin da suke ɗauka kabarinsa na biyu. Mutum ɗaya, kabari biyu: an dawo da shi cikin tsohuwar rayuwa ne, da yunwarta da tsufanta. Ba irin wannan tashi Kirista yake jira ba.

Daga ƙwanƙolin Dutsen Zaitun ake ganin girman al'amarin. Gangaren dutsen fari ne fat da kaburburan Yahudawa, dubbai a kan dubbai, ana binne mutane a nan kusan shekara 3000. A ƙetaren Kwarin Kidron, jingine da ganuwar Masallacin Ƙudus, ga makabartar Babur Rahma ta Musulmi, inda sahabbai Ubada ɗan Samit da Shaddad ɗan Aus suke kwance, kusa da ƙofar da Sarkin Musulmi Sulaiman na Daular Usmaniyya ya toshe a 1541. A cikin kwarin akwai kaburburan Kirista. Addinai uku sun yi cincirindo a kwari ɗaya saboda dukansu suna danganta shi da ranar hisabi. A tsakiyar gangaren, a harabar ƙaramar majami'ar da ake tuna kukan Yesu a kan birnin, masu tonon kayan tarihi sun fito da akwatunan dutse masu yawa a shekarun 1950. Al'adar mutanen Urushalima ce a ƙarni na farko: a kwantar da gawa a kogon dutse, bayan shekara guda a dawo a tattara ƙasusuwan a zuba a akwati, sau da yawa a rubuta suna a jiki. Masana ba su yi ittifaƙi a kan dalilin al'adar ba, amma ta nuna irin mutanen da aka fara yi wa shelar tashin Yesu. Sun san abin da gawa take zama, sun taɓa shi da hannunsu. A cikin Yahudawa, Farisiyawa sun gaskata da tashin matattu, Sadukiyawa sun musanta, sai dai duka ɓangarorin sun san cewa maganar jiki ake yi, ba ta fatalwa ko mafarki ba.

To mene ne sabo a abin da almajirai suka zo da shi? Masu jiran tashin matattu suna jiransa ne gaba ɗaya, a ƙarshen zamani. Ba wanda ya yi tsammanin mutum ɗaya zai tashi a tsakiyar tarihi, gwamna Bilatus yana nan kan kujerarsa, makabartu suna nan cike. Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 54, ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci. Manomin gero ya fi kowa gane wannan: tumun da aka karyo aka gasa ba shi ne girbi ba, amma daga gonar ya fito, kuma wanda ya ci shi ya san abin da sauran zangarniya za su zama. A wannan sura ta 15 Bulus bai bar wa kansa mafita ba. Ya jera waɗanda suka ga Yesu, har da mutum fiye da 500 da ya ce yawancinsu suna raye lokacin da yake rubutu, sannan ya ce idan abin bai faru ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyarsu ma banza. Ya kuma bayyana cewa jikin da zai tashi shi ne wanda aka shuka, amma an sāke shi, ba ya ruɓa, ba ya mutuwa.

Mai zuwa coci zai iya cewa, ai Yesu ya yi wa ɓarawon nan alkawarin Firdausi a ranar da suke kan gicciye, Bulus ma ya gaya wa Filibiyawa ya fi son ya tafi ya kasance tare da Almasihu, to ina laifin mai cewa mamaci ya tafi gida? Babu laifi, sai dai zango ne aka mayar masauki. Ikilisiyoyi sun sha bamban a kan halin mamaci tsakanin mutuwa da tashi. Katolika suna koyar da cewa wasu rayuka sai an tsarkake su, shi ya sa suke yi wa matattu addu'a. Yawancin Furotesta sun ƙi wannan. 'Yan Adibantis suna cewa barci ne babu sani har ranar ƙarshe. Amma a kan ƙarshen labarin bakinsu ɗaya: shahadar bangaskiya da aka kammala a taron Kustantiniya a 381, wadda ake karantawa daga Habasha har Ingila, da sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa ta rufe. Littafin Wahayi ma bai ƙare da rayuka suna hawa sama ba, ya ƙare ne da sabuwar Urushalima tana saukowa, da sabuwar sama da sabuwar ƙasa. Da rashin mutuwar ruhu kaɗai Bulus ya yi wa'azi a Atina, da masanan birnin ba su yi masa ba'a ba, don tun zamanin Aflatun suke jin wannan. Da ya ambaci tashin matattu ne taro ya watse.

Kafin a sauka daga dutsen akwai wata 'yar ƙubba mai kusurwa takwas inda ake tuna hawan Yesu sama. Tun zamanin Salahuddin tana hannun waƙafin Musulmi, kuma ana barin Kirista su yi sujada a cikinta ranar bikin hawan. A nan addinan biyu suka fi kusa, a nan kuma suka rabu. Musulmi sun gaskata da tashin jiki ranar alƙiyama, sun gaskata an ɗaukaka Annabi Isa zuwa sama kuma zai dawo, amma Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta kore cewa an kashe shi ko an gicciye shi. Ga Kirista kuwa, in babu mutuwa babu tashi, in babu tashi babu bege. Ba saɓani ba ne da za a shafe da daɗin baki, kuma maƙwabtan da suke zuwa wa juna ta'aziyya a Jos ko Kaduna sun fi girmama juna idan kowa ya san ainihin abin da ɗayan yake nufi da addu'arsa.

Hanya tana gangarowa ta Getsamani, ta haura, ta bi gefen ganuwar arewa zuwa Ƙofar Dimashƙu. Nan kusa, bayan tashar motocin Larabawa, Kabarin Lambu yake, kuma shi ne wurin da 'yan ikilisiyoyin bishara suka fi so, don akwai inuwa da furanni da benci, ana iya rera waƙa a ci Jibin Ubangiji ba mai tsawatarwa. An gano kabarin a 1867. Wanda ya yayata wurin shi ne Janar Gordon, wanda mayaƙan Mahadi suka kashe a Khartum a 1885. Ya zauna a Urushalima a 1883, ya ga wani dutse mai ramuka kamar ƙoƙon kai, ya ce nan ne Golgota, inda aka gicciye Yesu. Wata ƙungiya ta Ingila ta sayi filin a 1894. Matsalar ita ce a 1986 masanin Isra'ila Gabriel Barkay ya nuna cewa sassaƙar kabarin ta ƙarni na 8 ko na 7 ce kafin haihuwar Almasihu, alhali Bisharu sun ce sabon kabari ne da ba a taɓa sa kowa a ciki ba. Masu kula da wurin, a yaba musu, ba sa rantsuwa cewa nan ne. Mai shakka zai ce, addinin da bai san kabarin shugabansa ba, ta yaya zai kafa hujja da kabarin? Wasu masu bi kuma suna amsawa cewa wurin ba kome ba ne, tunda ya tashi. Suna da magabaci: Giregori na Nisa, wanda ya je Urushalima a ƙarshen ƙarni na 4, ya rubuta cewa ya gaskata da tashin tun kafin ya ga kabarin, kuma sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah. Gaskiya ce ta fuskar ibada. Amma ba za a iya cewa abu ya faru a tarihi ba, sannan a ce tambayar inda ya faru ba ta da amfani.

Don haka sai a shiga ta Ƙofar Dimashƙu, a ratsa kasuwar Khan az-Zait da ƙamshin kayan yajinta da turereniyarta, a ɓullo a harabar Cocin Kabari Mai Tsarki. Ginin duhu ne, ga hayaƙin kyandir, ga hayaniya, kuma yana tsakiyar birni, abin da ke rikita mai ziyara da ya karanta cewa a bayan gari aka gicciye Yesu. Wannan rikicin shi ne hujja mafi ƙarfi da wurin yake da ita. Tono ya nuna cewa nan tsohuwar mahaƙar dutse ce da aka daina amfani da ita, aka sassaƙa kaburbura a jikinta. A bayan ɗakin sujadar Suriyawa har yanzu ana leƙa ramukan kabari irin na ƙarni na farko, kuma Yahudawa ba sa binnewa a cikin gari. Ganuwar da ta shigar da unguwar cikin birni Hirudus Agaribas ne ya fara ta tsakanin 41 da 44, kimanin shekara goma bayan gicciyen. Sarki Hadiriyan ya cike wurin ya ɗora haikalin gumaka bayan 135. Da Sarki Kustantin ya ba da umarnin neman kabarin wajen 326, mutanensa ba su nufi wani fili mai sauƙi a bayan gari ba, sai suka rushe haikali a tsakiyar birni suka haƙa ƙarƙashinsa. Ba a yin irin wannan wahala sai in akwai tsohon zance da Kiristocin garin suka riƙe. An keɓe ginin a 335. Halifa Al-Hakim na Fatimiyya ya rusa shi a 1009, aka sake ginawa a 1048, 'yan Salibiyya suka faɗaɗa a 1149, gobara ta ci shi a 1808. A watan Oktoba na 2016, masana daga jami'ar fasaha ta Atina da suke gyaran ɗakin kabarin suka ɗaga shimfiɗaɗɗen dutsen da ya rufe shi, suka tarar da gadon dutsen asali a ƙasa, gwajin kwaɓin ginin kuma ya kai ga tsakiyar ƙarni na 4. Wannan ya tabbatar da cewa nan ne wurin da Kustantin ya gano. Bai tabbatar da wanda aka kwantar a kai ba.

Akwai suka mafi zurfi. Wasu masana, irin su John Dominic Crossan, sun ce Romawa ba sa ba da gawar wanda suka gicciye, suna barinta ga karnuka da ungulu ko su jefa a rami, saboda haka labarin cewa Yusufu na Arimatiya ya binne Yesu ƙirƙira ce. Haka ne Romawa sukan yi a wurare da dama. Amma a 1968, a wata unguwa a arewacin Urushalima, an sami akwatin ƙasusuwan wani mutum mai suna Yehohanan, da ƙusar ƙarfe har yanzu a cake a ƙashin diddigensa: an gicciye shi, kuma danginsa sun binne shi a kabarin gida. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa na wancan ƙarni, ya ce mutanensa sukan sauko da waɗanda aka gicciye su binne kafin faɗuwar rana, bisa dokar Attaura. Sai kuma batun mata. Duka Bisharu huɗu sun sa Maryamu Magadaliya a farkon waɗanda suka iske kabarin a buɗe, a zamanin da shaidar mace ba ta da nauyi a gaban shari'a. Kelsus, mai sukar Kiristanci a ƙarni na 2, da wannan ya yi wa Kirista gori. Mai ƙaga labari da ya zaɓi shaidu mafi ƙarfi. Duk da haka kabarin da ba kowa ba ya magana da kansa. Bisharar Matiyu da kanta ta kawo zargin cewa almajirai ne suka sace gawar, Maryamu ma da farko ɗauka ta yi an ɗauke shi. Iyakar abin da duwatsu za su iya shi ne su nuna cewa labarin ya dace da wurin da zamanin, kuma waɗanda suka ba da shi jiki suke nufi. Daga nan zuwa cewa ya tashi, mataki ne da mai bi yake ɗauka bisa shaidar mutane, mai shakka kuma ya tsaya.

Abin kunyar wurin ba ya ɓoyuwa. Ɗariku shida ne suke raba ginin, Girkawa da Katolika da Armeniyawa da Kibɗawa da Suriyawa da Habashawa, waɗanda aka tura saman rufi, bisa tsarin da sarakunan Usmaniyya suka tabbatar a 1757 da 1852. An sha ba hamata iska a kan wanda zai share wace matakala. Wani tsani na katako ya fi shekara 150 jingine ƙarƙashin taga don ba wanda yake da ikon matsar da shi shi kaɗai, mabuɗin ƙofa kuma yana hannun gidajen Musulmi biyu, Juda masu ajiyewa da Nusaiba masu buɗewa. Wannan ya ƙaryata halin masu tsaron wurin, bai taɓa tambayar abin da ya faru a cikinsa ba.

Suka ta ƙarshe ita ce ta Karl Marx da magadansa: cewa begen lahira maye ne da ake ba talaka don ya haƙura da zalunci. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don masu bayi a Amurka sun sa an yi wa bayinsu irin wannan wa'azi. Sai dai wa'azin da ya dace da wannan aiki shi ne na ruhu mai tserewa daga jikin da ba shi da daraja. Wanda ya gaskata cewa jikin bawa da na kuturu za a tashe su cikin ɗaukaka, da wuya ya ce abin da ake yi musu yanzu ba kome. Taku kaɗan kudu da harabar cocin akwai unguwar Muristan, yau shagunan fata da na tsaraba ne, amma a ƙarni na 11 'yan kasuwar Amalfi suka kafa asibitin baƙi a nan, wanda ya haifi ƙungiyar Yahaya Mai Tsarki. Ƙungiyar ta ɗauki takobi daga baya, wannan ma yana cikin tarihinta, amma reshenta na Ingila ya buɗe asibitin ido a Urushalima a 1882, wanda har yau yake duba Falasɗinawa a unguwar Shaikh Jarrah. Tun kafin nan, a 362, Sarki Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya so farfaɗo da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa abin da ya yaɗa addinin shi ne kyautata wa baƙi da kula da binne matattu, har suna ciyar da matalautan da ba nasu ba. Bulus kansa, da ya gama dogon bayaninsa a kan tashin matattu, bai ce wa Korantiyawa su naɗe hannu su jira ba, ya ce su dage da aiki don wahalarsu ba za ta tafi a banza ba. Abin da ya biyo baya nan take, a farkon sura ta 16, umarni ne cewa kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa, a tara, a zaɓi amintattu su kai wa matalautan ikilisiyar Urushalima.